Masu Hawan Ƙarfe: Daga Gidan Rumji Zuwa Gazawa

Babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram ta ratsa jihar Maraɗi ne daga yamma zuwa gabas. Tana shigowa ta Gidan Rumji, ta bar birnin Maraɗi a hannun dama, ta bi ta Cadawa da Agye da Gazawa, sannan ta miƙe Tasawa. Duk tsawon wannan tafiya ba dutse, ba tudun a zo a gani. Jigawa ce shimfiɗaɗɗiya, gonakin gero da wake da gyaɗa da aya sun haɗe da juna, gawo nan gawo can. Shi ya sa matafiyi ba da gidaje yake gane ya kusa gari ba, ƙarfe yake fara hangowa. Tun da sauran tafiya za ka ga wani dogon abu mai fenti ja da fari ya zarce itatuwa, bayansa tankin ruwa ya bayyana, sai hasumiyar masallacin Juma'a, can daga baya katangun ƙasa da rumbuna.

Ƙarafunan nan iri biyu ne, kuma ko yaro yana bambance su. Akwai na kamfanonin waya, irin su Airtel da Moov da Zamani da Niger Télécoms: ƙafafu a buɗe, gindi a kankare, tsaye da kansu ba mai riƙe su, an zagaye su da shinge, ga mai gadi, ga janareta ko farantan hasken rana. Waɗannan suna da iyayen gida masu hali, da injiniyoyin da ke zuwa da mota su duba su. Akwai kuma na gidajen rediyon karkara: siriri, mai kusurwa uku, kaurinsa bai fi mutum ya rungume ba, an jona shi gaɓa-gaɓa, wayoyin ƙarfe sun ɗaure shi ta fuska uku zuwa ƙasa. Da za a kwance wayoyin nan, nan take zai zube. Shi na je gani, shi da mutanen da ke hawansa.

Tsawon nan ba ado ba ne. Muryar FM, wadda ke tafiya tsakanin megahaz 87.5 da 108, ba ta hawa sama ta dawo irin ta gajeren zango da ke kawo mana tashoshin ƙetare. Miƙe take tafiya, iyakarta inda ido zai iya kaiwa da ɗan ƙari. A ƙasa mai duwatsu, mai rediyo yakan nemi kan tsauni ya kafa eriyarsa, Allah ya hutar da shi. A nan kuwa duk taƙin tsawon da kake so sai ka saya da ƙarfe. Lissafin masu aikin a sauƙaƙe yake: eriyar da ke mita 9 daga ƙasa tana hango kimanin kilomita 12, wadda ke mita 36 kuma kimanin 25. Sai ka ninka tsawo sau huɗu kafin nisa ya ninku sau biyu. To amma faɗin ƙasar da muryar ta mamaye ya ninku sau huɗu ke nan, kuma wannan yanki ne da ƙauye ke kallon ƙauye. A ƙidayar 2012 jihar Maraɗi ta haura mutum miliyan 3, gundumar Gidan Rumji ita kaɗai ta wuce rabin miliyan. Gaɓa ɗaya ta mita uku da aka ƙara a saman turke, ƙauyuka ne sukutum suka shigo cikin masu saurare.

Abin da suke saurare kuwa ba ƙarami ba ne a wurinsu. Cigiyar saniyar da ta ɓace ranar kasuwa, sanarwar rasuwa da ta suna, ranar da masu rigakafi za su iso, farashin tiyar gero, jan kunne kada a yi saurin shuka da yayyafin farko, wa'azi, gaishe-gaishen 'yan ci-rani. Rediyon karkara ya soma a Nijar a 1999 a Bankilare, can yammacin ƙasar, da ƙaramar na'ura mai aiki da hasken rana. Yau irinsa sun haura ɗari, kuma tun 2016 da yawansu ke karɓar shirye-shiryen Studio Kalangou daga Yamai su sake watsawa.

Ta Gidan Rumji na faro. Ƙasar Gobirawa ce. Tibiri, inda Sarkin Gobir yake zaune tun da Sarki Mayaƙi ya kafa garin wajen 1836, tana cikin gundumar. Gulbin Maraɗi ya bi ta nan kafin ya koma Najeriya, kuma a fadamarsa ne ido ke hutawa da ganin rairayi: lambuna, mangwaro, zogale. Tun 2019 dubban mutanen da 'yan bindiga suka koro daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako nan, aka zaunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. A wuri irin wannan ba a ɗaukar ƙarfen sadarwa da wasa. Wanda rabin danginsa ke wancan gefen iyaka, idan rezo ya ɗauke ba ya runtsawa. A ƙananan ƙauyukan da ke nesa da kwalta, da yamma za ka ga magidanta sun fita bayan gari suna ɗaga waya sama, kowa ya san gindin itacen da take kamawa.

Amma aikin hawan kansa a gabas na same shi, a wani gari da ke gefen hanya tsakanin Cadawa da Gazawa, ƙasar aya, inda buhunanta ke jibge a bakin kasuwa suna jiran manyan motoci. Gidan rediyon garin ɗaki biyu ne da rumfa. Tsofaffin eriyoyinsu sun lalace, an sauke su, an kawo sababbi huɗu, kowace tsawonta kusan mita ɗaya da rabi, za a jera su a saman turke ɗaya bisa ɗaya.

Ma'aikatan sun iso ne ana idar da sallar asuba. Ba don son sammako ba: da sassafe iska a kwance take, ƙarfe kuma bai ɗauki zafi ba, domin idan rana ta take, ko da safar hannu sai mutum ya ji a tafinsa. Maigidan aikin dattijo ne mai furfura a gemu, ba ya yawan magana. Na ɗauka da isowarsu wani zai kama ƙarfe ya yi sama. Har hantsi ya soma ɗagawa ba wanda ƙafarsa ta bar ƙasa.

Sai da suka shimfiɗa tabarma suka haɗa komai a kanta. Kowace eriya an ɗaura mata maƙalanta, an gwada notinta ya shiga ya fita, an auna ta da na'ura, an yi mata alamar sama da ƙasa da jan salatif. Dalilinsa shi ne, duk abin da zai ƙi shiga, gara ya ƙi a nan inda mutum ke da hannu biyu da wurin zama, da ya ƙi a can sama inda hannu ɗaya ke aiki ɗaya na riƙo. Sannan dattijon ya bi gindin wayoyin ɗauri guda uku, ɗaya bayan ɗaya. A kowane ya durƙusa ya tone rairayi da hannu har sai da ya ga daidai inda sandar ƙarfe ta shiga kankare, don a nan tsatsa ke cin ƙarfe a ɓoye, sama lafiya lau, ƙasa ta zama tsinke. Ya duba maƙalan da suka danne bakin kowace waya, uku-uku, ya tabbatar duk fuska ɗaya suke kallo, sirdinsu a kan wayar da ke ɗauke da nauyi, ba a kan jelar da aka naɗo ba. Ya ɗaki kowace waya da tafin hannu ya saurari yadda take rawa. Daga nan ya koma gindin turken, ya manna kunci a jikin ƙarfe, ya kanne ido ɗaya ya dubi sama ta kusurwa biyu, ko ya karkace. Waya ɗaya ta saki, aka ɗaure ta a hankali, rabin juyi rabin juyi, yana sake leƙawa. Ƙa'idar masu ƙera irin wannan turke ita ce a ja wayar kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin da zai tsinka ta. Idan ta yi sako-sako turke zai riƙa lilo, idan ta yi tauri da yawa kuma ita ce za ta danne shi ƙasa har ya lanƙwashe.

Kafin nan yara sun cika wurin maƙil. Aka ɗebo toka aka zana babban da'ira kewaye da turken, aka ce duk wanda ba shi da hular kwano ya tsaya bayanta. Wasu dattawa da suka kawo kujerunsu kusa suka ga kamar an raina su, sai da shugaban gidan rediyon ya je ya durƙusa ya ce, ranku ya daɗe, a yi haƙuri a matsa inuwar can. Gaskiyarsa kuwa: sifanar da ta suɓuce daga mita 30 tana isowa ƙasa cikin daƙiƙa biyu da rabi, da gudun da ya haura kilomita 80 a awa. Ba kan da zai ɗauki wannan.

Abu na ƙarshe kafin hawa, an kashe na'urar watsa shiri, an kulle ɗakin, an miƙa wa mai hawan makullin ya jefa a aljihunsa. Wannan ya burge ni ƙwarai. Eriyar da ke aiki tana ƙona fatar wanda ya taɓa ta, kuma ko ƙunar ba ta yi tsanani ba, firgitar da za ta sa mutum ya saki hannu ta isa. Ba a dogara da alkawarin cewa ba wanda zai kunna. An cire ikon kunnawar ne daga hannun kowa.

Mai hawan saurayi ne siriri. Ɗamararsa ba irin bel ɗin nan na kugu kaɗai ba ne. Ta kama kafaɗu, ta zagayo cinyoyi, tana da zobe a tsakiyar baya, igiyoyi biyu masu ƙugiya sun fito daga nan. Takalmi sau-ciki, hular kwano mai maɗauri a haɓa, sifanoni kowace da zarenta a ɗaure. Ya yi bismillah ya kama. Ya maƙala ƙugiya ɗaya sama da kansa, ya taka, ya maƙala ta biyu, sannan ya cire ta farko. Haka har sama: ko sau ɗaya ba a ga ƙugiyoyin biyu a sake tare ba. Tafiyar tana da nawa, kuma masu kallo ba su ɓoye ƙosawarsu ba. Wani matashi da aka ce gwanin hawan giginya ne ya riƙa cewa da shi ne da tuni ya je ya dawo. Dattijon bai ko waiwaye shi ba.

Da ya isa, aka aika masa da wani bututun ƙarfe mai puli a kansa. Ya ɗaure shi a ƙafar turken da maƙalai biyu, kansa ya zarce inda za a kafa eriya ta farko. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin rijiya mai zurfi a wannan ƙasa, ya ga sa yana jan igiyar guga ta kan puli yana nisantar bakin rijiyar, ya riga ya fahimci aikin. Igiyar ta hau ta bi pulin sama, ta sauko jikin turken, ta shiga wani puli na biyu da aka ɗaure a gindi, sannan ta miƙe a kwance zuwa wajen da'irar toka inda masu ja suke tsaye. Ta haka ba wanda ke ƙarƙashin kayan da ke lilo. Akwai wani lissafi da dattijon ya ja hankalina kansa: bututun nan ba nauyin kayan kaɗai yake ɗauka ba, ninki biyu yake ɗauka, domin kayan na janyo shi ƙasa ta gefe ɗaya, masu ja kuma ta ɗaya gefen. Mai ɗaga kilo 40 ya sani kilo 80 ya ɗora wa bututunsa. Mantuwa da wannan ta karya bututu da yawa.

An ɗaura wa eriyar wata igiya ta biyu a gindinta, mutum ɗaya ya riƙe daga nesa yana janye ta daga jikin turke kada ta sarƙe da wayoyin ɗauri. Murya ɗaya ake bi, ta dattijon. Ya ce ja, a ja. Ya ce tsaya, kowa ya ƙame. Ya ce saki kaɗan, a saki taƙi ɗaya. Da ta kai, saurayin ya ƙwala daga sama: Maigida, ta iso. Dattijon ya ɗaga kai ya ce masa, ɗaure ta tukuna, ɗana, kafin ka taɓa igiyar. Sai da noti huɗu suka zauna sannan aka kwance.

Ta biyu ma ta hau lafiya. Ana shirin ta uku ne ganyen darbejiyar da ke bakin ƙofa ya soma kaɗawa, ƙura ta ɗan tashi daga arewa maso gabas, iskar hunturu ta farka. A ƙasa ba wani abin a zo a gani ba ne, ko hula ba ta ture ba. Dattijon ya dubi igiyar da ke reto, ya dubi rigar yaronsa tana filfilwa a can sama, ya ce a sauko, sai gobe. Shugaban gidan rediyon ya bi shi da roƙo: akwai sanarwar da mutane suka riga suka biya, akwai shirin yamma, saura biyu kacal. Ya saurare shi har ya gama, ya ba shi haƙuri, bai canza magana ba. Iskar da ke sama ta fi ta ƙasa ƙarfi, kuma idan gudunta ya ninku biyu, turin da take yi wa abu ninkuwa huɗu yake yi. A duk abin da na gani a tafiyar nan, wannan ƙin shi ne mafi tsada. Ɗamara da puli ana sayensu a kasuwa. Mutumin da zai dubi idon wanda zai biya shi ya ce a'a, shi ne ba a samu ko'ina.

Washegari da asuba suka ƙarasa.

Wannan sana'a tana da 'yan'uwa a duniya. A Turai da Amurka da Japan akwai mutanen da rediyo ne abin sha'awarsu, ba don kuɗi ba. Suna da lasisi, suna kafa tasha a bayan gida su yi magana da takwarorinsu a wata nahiya. Kowace ƙasa da harufan kiranta: na Nijar suna farawa da 5U, na Najeriya da 5N. Masu wannan sha'awa ba su da yawa a Nijar, har takan sa wasu su yi takakkiya daga ƙetare su kafa eriya na 'yan makonni, dubban mutane su yi ta rububin samun magana da su. Eriyar da suka fi so ita ce mai sanduna jere, wadda Yagi da Uda suka ƙirƙiro a Japan a 1926, uwar irin wadda muke gani a kan rufin gidaje ta talabijin. Sai dai tasu ƙatuwa ce: a megahaz 14 kowace sanda tana kai mita 10. Abu mai wannan faɗi ba ya hawa a miƙe ta tsakanin wayoyin ɗauri. Dabararsu ita ce su ja wata waya daga saman turke zuwa wani turke a ƙasa can nesa, a karkace, su rataya eriyar a jikinta da puli, su janyo ta tana haurawa sama har ta zo ta sauka a kan turken ba ta taɓa komai ba. Kafin ta bar ƙasa sai sun nemo daidai tsakiyar nauyinta, don idan ta rinjaya gefe ɗaya a sararin sama ba mai iya daidaita ta. Abin da suke koya wa junansu bai bambanta da na dattijon nan ba: a gama a ƙasa, a bi murya ɗaya, kada a hau turken da ba a duba ɗaurinsa ba.

Inda aka saɓa wa wannan kuwa, ƙwarewa da kuɗi ba su hana komai ba. A watan Disamba na 1982, a Missouri City ta jihar Texas a Amurka, ana ɗaga gaɓar ƙarshe ta wata babbar eriya kan turke mai tsawon ɗaruruwan mita. Wuraren da aka tanada don rataya ta sun ƙi dacewa, saboda wasu kayan da ke jikinta sun tare hanyar igiya. Ma'aikatan suka yi dabarar kansu, suka ƙara wani guntun ƙarfe suka ɗaure da ƙusoshin da ba a lissafa ƙarfinsu ba. Ƙusoshin suka tsinke, eriyar ta faɗo ta daki wayar ɗauri, turken gaba ɗaya ya zube, mutum 5 suka mutu. A ƙasar Folan kuma, turken rediyon Warsaw mai mita 646, wanda a lokacin ba ginin da ya kai shi tsawo a duniya, ya faɗi ranar 8 ga Agusta 1991 ana tsakiyar canza masa wayoyin ɗauri. Duka biyun ba guguwa ce ta kayar da su ba, ba tsufa ba. Hannun ma'aikata ne, a lokacin da aka ɗauka ƙaramin abu ne ya rage.

Gazawa ita ce zangona na ƙarshe. Da can tana ƙarƙashin Agye ne, sai a 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Ta nan ake shiga ƙasar Gulbin Kaba, inda goruba ta yawaita, mata na saƙar tabarmi da igiyoyi da kabarta. Amma abin da baƙo zai fara lura da shi wasu ƙarafuna ne daban, jere reras sun taso daga kudu: layin wuta mai kilobolt 132 da ya fito daga Katsina, ya sauka a tashar Gazawa, daga nan ya rabu, reshe ɗaya Maraɗi ɗaya Damagaram. Mutanen yankin sun san darajarsa a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar bayan juyin mulki, aka yi watanni ana fama.

Ga mai aikin eriya kuwa, wayar wuta ita ce abin tsoro na farko, gaba da faɗowa. Ba manyan layuka kaɗai ba, har ƙananan da ke bin tituna cikin gari. Ƙa'idar ita ce a kafa turke ko sanda a inda ko da ta faɗi, kanta ba zai kusanci waya da mita uku ba, domin wuta mai ƙarfi ba ta jiran a taɓa ta, tsallakowa take yi. A nan ne hankalina ya fi tashi, kuma ba don gidajen rediyo ba. A unguwanni, samari ne ke jona bututun ruwa biyu ko uku, su ɗaura eriyar talabijin a kai, su taru su ɗaga ta da hannu daga tsakar gida, idonsu na kan eriyar, ba mai duban wayar da ta gifta ta kan katanga. Bututun ƙarfe ne, ƙafa ba takalmi, wani lokaci ƙasa a jiƙe. Wanda ya ga haka a unguwarsu ya tsawata, ko da za a ce ya cika shisshigi.

Sai damina. Duk ɗan ƙasar nan ya san yadda hadari ke haɗowa daga gabas, da jar iskar da ke riga ruwa isowa tana yaye kwanon rufi. Turken da ya yi watanni takwas na rani ba a taɓa shi ba, a cikin mintoci goma na wannan iska ake gane gaskiyarsa. Tsawa kuma abu mafi tsawo take nema, a garuruwan nan kuwa ba abin da ya kai turke. Saboda haka ake kafa tsinin ƙarfe a ƙololuwarsa, a ja wayar jan ƙarfe mai kauri har cikin ƙasa. Rairayin nan busasshe ba ya karɓar wuta da sauƙi, sai an kafa sanduna da yawa an zurfafa. Jan ƙarfe kuma yana da kasuwa wurin 'yan gwangwan. A wani gidan rediyo da na leƙa, wayar ta sauko lafiya har daidai tsayin mutum, daga nan babu ita. Wani ya datse ya tafi da ita, kuma ma'aikatan ba su lura ba. Tsawar farko da za ta sauka a nan, ta cikin kebul za ta bi ta shiga ɗakin watsa shiri.

Irin wannan sakaci na gani a wurare fiye da ɗaya, kuma ba mugunta ce ta kawo shi ba. An ɗaure akuya a gindin wayar ɗauri, fitsarinta na cin ƙarfen. An shanya kaya a kan wata. Amalanken shanu ya saba bi ta gefen ta uku har ya goge ta. Jar fitilar da ke saman turke don jiragen sama ta mutu ba a san tun yaushe ba. Tushen abin kuɗi ne da kuma yadda ake kallon turken. Yawancin gidajen nan da taimakon wani shiri aka gina su; masu shirin suka kafa, suka ɗauki hoto, wa'adinsu ya cika suka tafi. Ɗan abin da ke shigowa daga sanarwa da gaishe-gaishe a batir da kuɗin wuta da ɗan alherin ma'aikata yake ƙarewa. Idan makirufo ya lalace kowa zai ji a take, a yi karo-karo a saya. Turke kuwa ba ya kuka. Ranar da wani abu ya kwance a sama, kiran ƙwararre daga Maraɗi ya yi tsada, sai a nemo mai walda ko wani yaro mara tsoro, a ba shi jaka biyu, ya hau da silifas da igiyar guga a kugu. Sau tara zai sauko lafiya, kuma wannan saukowar ce ke sa a sake kiransa.

Ban yarda talauci ne kaɗai ba, domin mutanen wannan yanki sun nuna wa duniya sun iya tsaron abin da yake na kowa. A Ɗan Saga, cikin gundumar Agye, manoma ne da kansu suka kafa kwamitocin sa ido kan itatuwan da suke rainowa daga kututture a gonakinsu, aikin da ake kira sassaben zamani, wanda ya faro a jihar Maraɗi tun shekarun 1980. Maza da mata da Fulani makiyaya suka zauna suka yi doka, suka sa tara ga mai saran itacen wani, har gonakin da suka zama fili fetal suka sake yin inuwa, baƙi daga ƙasashe suna zuwa koyo. Garin da ya iya tsare gawo dubu ba zai kasa tsare gindin waya uku ba.

Abin da ake bukata bai taka kara ya karya ba. A zagaye gindin kowace wayar ɗauri da ɗan shinge. A sa mutum ɗaya cikin ma'aikata ya riƙa zagayawa duk wata yana tone rairayi yana dubawa, ya duba wayar tsawa ta kai ƙasa ko ba ta kai ba. Gidajen rediyon gundumomin Gidan Rumji da Agye da Gazawa za su iya haɗa kuɗi su sayi ɗamara biyu masu kyau da igiya da puli, su tura samari biyu su koyi aikin a hannun irin dattijon nan tun yana da ƙarfin koyarwa.

Ina kira ga mahukuntan Gidan Rumji da Tibiri da Cadawa da Agye da Gazawa, da kwamitocin da ke riƙe da gidajen rediyon nan: ku ware wa turke nasa kason a kasafin kowace shekara, ku kira wanda ya san aikin ya duba shi a watan Afrilu ko Mayu, kafin hadarin farko. Kuma ko ɗan wane ne, ko nawa zai rage muku, kada ku bar kowa ya hau ba ɗamara.